Juma'ar Inuwa, Lahadin Timoti

Makarfi,
9 ga Afrilu, 1984

Zuwa ga Maman Judith,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, da Judith, da Mama da ciwon ƙafarta. Ni jiki lafiya lau, zuciya ce ba lafiya.

Ranar da aka zaɓe ni sakataren ƙungiyar ma'aikatan asibiti kin ce na ɗauki Dala ba gammo. To kada ki yi dariya, bakinki ya kama ni. Soja sun ce ba kuɗi, za a haɗe ƙananan asibitoci uku, na Ikara da na Kudan da namu na nan, su zama ɗaya, a rage mutane. Yajin aiki kuwa an hana.

Kin san Malam Inuwa da Timoti, masu wanke ciwo a wurinmu. Shekara goma sha ɗaya Timoti na riƙe wa Inuwa aiki ran Juma'a, Inuwa na riƙe masa ran Lahadi, kowa ya sa hannu da sunan ɗan'uwansa a rajista. Ni ma na sha yi. Sai ga kwamitin tantancewa ya faɗo mana ran Juma'a da azahar. Aka kira Inuwa, Timoti ya amsa, hannunsa duk maganin aidin.

Shugaban kwamiti ya ce ɗaya ya gudu daga aiki, ɗaya ya yi sa hannun ƙarya. Na yi bayani har yawuna ya ƙafe. Ya ce in ƙungiya ta nace al'ada ce, duk wanda ya taɓa yi zai tafi, mu goma sha huɗu ke nan. In ba haka ba, in rubuta masa suna ɗaya cikin biyun kafin ƙarshen wata. Gaba kura, baya sayaki. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Irmiya

Makarfi,
2 ga Mayu, 1984

Maman Judith,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na rubuta sunan.

Malam Inuwa ne ya same ni da kansa. Ya ce yana da gona a Dandamisa, Timoti kuwa baƙo ne, ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa, ga yara biyar. Ya roƙe ni in sa sunansa. Ke kaɗai zan gaya wa: daɗi na fara ji, don ya sauke mini kaya. Daga baya kunya ta rufe ni.

Yanzu ana cewa Irmiya ya ceci ɗan cocinsu. Lantana matar Inuwa ta daina amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba. Ki gaishe da Mama.

Naki,
Irmiya

Makarfi,
20 ga Yuni, 1984

Matata,

Na sami wasiƙarki, na gode wa Allah da kuna lafiya. Kin ce in ajiye muƙamin in huta.

An haɗe asibitocin. Da jerin sunayen waɗanda aka bari a aiki ya fito, babu Timoti a ciki. Wai sa hannun ƙarya na nan a fayil ɗinsa. Ashe Inuwa ya ba da aikinsa a banza, kuma da hannuna. Jiya na ga Inuwa a kasuwa, ya riƙe ni yana godiya wai na ceci aikin Timoti, bai ji labari ba tukuna. Na kasa gaya masa.

Na kira taro na ce na sauka. Ba wanda ya yarda ya karɓa, kowa ya sunkuyar da kai. Mero mai shara ta fashe da kuka, ta ce in ba sakatare, kwamiti zai zaɓa da kansa, kuma da irinsu zai fara. Na koma na zauna.

Kada ki dawo da yarinya tukuna. An aiko mini da sabuwar takarda yau da safe. Layi huɗu ne a jikinta, ba sunan kowa a kai, ana so in cika su kafin ran Litinin.

Ni ne mijinki mai kewarki,
Irmiya