Ba Ni Ne Ke Roƙon Adda Ba

Amatullah ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin mahaifiyarmu Adda? A gaishe min da mutanen unguwar Wunti.

Ina nan Aljeriya lafiya, sai dai ɓarayi sun ƙwace min waya. Hannun da suka ji min ciwo ma ya fara warkewa, kada ki gaya wa Adda.

Na samu labarin ɓarayin suna tura mata saƙo da lambata, wai "Mama, an tsare ni, turo kuɗi." Don Allah ki hana ta sayar da keken ɗinkinta! Ki tuna mata ni ɗan fari ne, yaushe na taɓa ce mata Mama? Ko ranakun da na kwana da yunwa a nan, kunya ba ta bar ni na roƙe ta ba.

Allah ya tsare ku.

Yayanki,
Hafizu