Umma, Na Rabu da Zanko

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Umma.

Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mana, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Hadiza, daga nan garin Largo, a ƙasar waje. Na san wannan wasiƙa ba za ta iske ki ba, amma akwai labarin da ke kaɗai ya kamata in fara ba. Na rabu da Zanko.

Kin tuna ranar da kika fara ganin sa. Kin zo mini wankan jegon Amira, a shekarar da dusar ƙanƙara ta toshe mana ƙofar gida. Kina shigowa falo kika tarar da ƙaton farin aku a keji, irin wanda ake kira kokatu. Mahaifin wata abokiyar aikina a asibiti ne ya rasu ya bar shi, 'ya'yansa suka rasa inda za su kai shi, Abban Faruk ya karɓo. Tsuntsun ya miƙar da tukkun kansa ya kwarara ihu. Kika toshe kunne kika ce, "Mutane na kiwon kaji su ci ƙwai, ku kuna kiwon hayaniya."

Sunansa na Turanci ya ƙi zama a bakinki, sai kika raɗa masa Zanko saboda wannan tukku.

Da na yi arba'in na koma aiki. Abban Faruk yakan fita tun asuba, Faruk yana makaranta, in ya dawo ki yi masa Hausa ya amsa miki da Turanci. Gida ya zama daga ke sai jaririya sai tsuntsu. Ban san lokacin da kuka shirya ba. Wata rana dai na dawo na same shi a kafaɗarki kina tsince shinkafa, kina ba shi labarin rigimar gonarmu ta Funtuwa, shi kuma ya karkata kai kamar alƙali.

Kina ɓare masa gyaɗa da hannunki. Kina sosa masa ƙeya, ya lumshe ido. In kin tayar da salla sai ya sauko ya tsaya gefen darduma shiru, tsuntsun da maƙwabta ke jin ihunsa daga wurin ajiye motoci. Ya koyi tarinki. Ya koyi yadda kike kiran sunana, har da jan da kike yi a ƙarshe.

Sai ranar da Faruk ya nuna miki irinsu a kwamfuta, a dazukan Indonesiya. Garke guda suna tashi tare, farare fat a kan itatuwa, mace da namiji suna gyara wa juna gashi a bakin kogon bishiya. Ya nuna miki kuma yadda masu tarko ke cusa su cikin gorunan roba don a tsallaka da su teku. Kika dubi keji kika ce, "Ashe kai ma kana da dangi." Tun daga ranar ba ki ƙara rufe masa ƙofar keji da rana ba.

Wata shida kika zo yi, kika yi shekaru. Da ciwon ƙoda ya tsananta, na roƙe ki ki zauna, ga likitoci a hannu, ga ni ma'aikaciyar jinya. Kika ce, "Inda aka binne mahaifinku nan za a binne ni." Na raka ki filin jirgi ina yi miki fushi, kina yi mini dariya.

Duk lokacin da kika kira waya, sai kin ce a kai wa Zanko. Yana jin muryarki ya hau rawa, ya leƙa bayan wayar, ya leƙa ƙarƙashin kujera yana neman ki.

Ran da Yaya Sani ya kira ni, ina bakin aiki. Kafin in sami jirgi an kai ki. Na iso Funtuwa na tarar da tabarmi da mutane, da ɗakinki a share. Ban riƙe hannunki ba, Umma. Ban ji kalmarki ta ƙarshe ba.

Na dawo na samu Zanko ya fara fige gashin ƙirjinsa. Kullum da safe in share farin gashi a ƙasan keji. Likitar dabbobi ta ba da magani, ta sa masa wani abu a wuya don kada bakinsa ya kai, ya cire. Ta ce irinsu mutum ɗaya suke zaɓa, kuma suna iya yin shekarun ɗan Adam a duniya. Ya fige har fata ta fito, har jini. In yamma ta yi ya fuskanci matakalar da kike saukowa ya yi ta ihu. Maƙwabta suka kai ƙara. Ni kuma in na shigo a gajiye sai ya kira sunana da muryarki, in tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu in kasa motsi.

Na yi ta jan ƙafa. Muryarki ba ta rage a ko'ina ba sai a bakinsa. Amma yana mutuwa a gabana, kuma na san da kina nan ba za ki yarda ba.

Akwai wata dattijuwa a wani ƙauye na jihar Virginia da ke karɓar irinsu, waɗanda masu su suka mutu ko suka gaji. Can muka kai shi. Amira ta yi kuka duk hanya. Aka sa shi a wani babban ɗaki na raga mai rassan itace, tare da 'yan uwansa, wasu ma sun fi shi tsiraici. Ya maƙale a lungu yana kallon su, bai san yadda ake zama da tsuntsaye ba. Da muka juya ya kira ni. Ban waiwaya ba, don in na waiwaya da shi zan dawo.

Makon jiya matar ta kira ni. Ta ce ya fara cin abinci, gashi ya fara tsirowa, wata tsohuwar kokatu ma tana gyara masa kai. Sannan ta ce akwai wata magana da yake yi mata duk lokacin da ta miƙa masa abinci, tana son sanin ma'anarta. Ta kwaikwaya mini da karyayyen harshe, sai da ta maimaita na gane.

"Allah ya yi miki albarka."

Umma, a wurin ajiye motocin asibiti nake. Na zauna a gefen hanya da kayan aiki a jikina. Da ƙyar na iya ce mata abin da uwa ke faɗa wa 'yarta ne idan ta yarda da ita. Ta ce za ta ajiye wayar kusa da shi in ina so. Na ce ina so. Na ji ƙarar kwano, na ji motsin fukafukai, sai ga ki.

Na amsa da amin.

Allah ya jiƙan ki, Umma. Ya yafe miki, ya yalwata kabarinki, ya saka miki bisa tausayin da kika yi mana, mu da muka fito daga cikinki, da wanda bai fito ba. Ya haɗa mu inda ba a sake rabuwa.

Taki har kullum,
Hadiza