Lambar Girmamawar Baba

Osaka, 12 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayana Shigeharu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Yaya Harue da yaran, kuma zafin São Paulo bai takura muku ba. Kullum in na kunna turare gaban hoton Mama sai na roƙa muku lafiya. Mu nan kalau muke, sai gwiwar Gwaggo Fusae da ke tashi in sanyi ya shigo.

Dalilin rubutuna shi ne gwamnati ta ba Baba lambar girmamawa, wadda ake kira Taska Mai Tsarki. Ka san shekara arba'in da ɗaya ya yi yana zuba narkakken gilashi a kan lambobin nan, yana gasawa, yana gogewa, wasu suna ratayawa. Da takardar ta zo sai ya ce ba ya so, wai tun zamanin Sarki Meiji da aka ƙirƙiro ta ba a yi ta don masu ƙonannun yatsu ba. Kwana uku ina lallashi a banza. Gwaggo ce ta zo ta wanke shi tas, ta ce tsohon banza, da furfurarsa yana noƙewa kamar amarya, in ba ya so ita a ba ta ta rufe tulun tsami da ita. Ya yi dariya har da tari. Ta ce yabon gwani ya zama dole, ya tashi a gwada masa riga.

Mun karɓo ta ranar Talata. Da muka dawo ya zauna bakin taga yana juya ta. Madubin nan na tsakiyar lambar da jajayen duwatsun da suka kewaye shi, duk da yatsa ya bi su, ya ce gilashin ya kwanta, hannun da ya yi ta bai yi gaggawa ba. A nan na gane ba ya ganinta, Yaya. Washegari na kai shi wurin likita, ya ce abin da ya rage na ganin da wuya ya kai bazara.

Na san abin da Baba ya faɗa maka ranar da ka ƙi sana'ar ka tafi, ban kuma ce ka manta ba. Amma shekara goma sha tara ta isa, kuma tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Jiya ina zuba masa shayi ya ce ƙarfe ko a duhu zai gane shi da hannu, amma bai san yadda ka koma ba, ko ka yi furfura, ko ka yi ƙiba. Bai ce in rubuto ba. Sau biyu dai ya tambaye ni awa nawa jirgi ke yi daga can.

Ka gaishe da Yaya Harue, da Kiyomi da Naoto. Gwaggo ta ce in ja maka kunne. Ka zo kafin bazara.

Ƙanwarka,
Chizuru