Ranar da Aka Buɗe wa Baba Ƙofa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara rufin asiri, Ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa, ka san in ta yi shiru ne hankalinmu ke tashi. Auta kuwa ta ci jarrabawa, yanzu sai an kira ta sau biyu take amsawa.

Yaya, maganar Baba ce ta sa na zauna rubutu. Ka ce in bai warware ba za ka zo ka tafi da shi wurinka. Ban ga laifinka ba. Tun da kamfanin sabulu ya sallame shi daga gadin da yake yi tun ba a haife ni ba, Baba ya shige ɗaki ya juya wa duniya baya. Rediyonsa ya yi ƙura, abinci a rufe yake shiga a rufe yake fitowa, asibiti kuma sun ce ba su ga komai ba. Inna takan ɓuya a kicin ta yi kuka, tana cewa in aka raba shi da gidan nan ba zai dawo da ƙafarsa ba. Ni ma abin da nake tsoro ke nan.

To ga yadda Allah Ya kawo mafita. Uwar ɗakina a shagon magani ta daɗe tana sayen hannun jari, ni kuwa a zatona harkar masu manyan motoci ce. Ta yi mini dariya, ta ce da ɗan abin da na tara ma zan iya farawa, in dai ba kuɗin cefanen gobe ba ne. Ta gargaɗe ni da masu turo saƙo a waya suna alkawarin ninka kuɗi, ta haɗa ni da dillali mai lasisi, ta ce in sayi kamfanin da na san abin da yake sayarwa. Na tambayi malamin unguwa, ya ce in sana'ar kamfanin halal ce babu laifi. Ina cikin duba sunayen kamfanoni a manhajar dillalin da ke wayata, sai ga kamfanin Baba. Nan take na yanke shawarar da sunan Baba zan buɗe asusun, ba da nawa ba. Da ƙyar ya yarda ya sa hula na ɗauke shi hoto, ko dalili bai tambaya ba.

Da aka gama na durƙusa na nuna masa wayar, na ce yanzu yana da ɗan yanki a kamfanin, shi ma mai shi ne. Ya dube ni, ya tambaye ni ko har da ƙofar da yake gadi. Na ce har da ƙofar. Yaya, wannan ce tambayar farko da na ji daga bakinsa a watanni.

Daga nan gida ya canza. Inna ta haramta kowane sabulu in ba namu ba, har na maƙwabta take leƙawa. Baba kuwa ina idar da sallar asuba zai ce in duba masa ƙofa, wato farashi, ko da yake na sha gaya masa kasuwar ba ta buɗewa da asuba. Sai kuma farashin ya soma faɗuwa, lambobin a waya kullum ja, kullum ja. Ba kuɗin ne suka hana ni sukuni ba, tsoro nake kada in zama na ɗaga shi ne don in sake kayar da shi. Na ce mu sayar mu tsira da saura. Washegari sai muka ga ya lalubo takalminsa a ƙarƙashin gado ya fita, mutumin da ko tsakar gida ya daina takawa. Ashe bakin titin da ke fuskantar kamfanin ya je ya zauna, yana kallon manyan motoci. Da ya dawo ya ce motocin a cike suke fita, har tayoyinsu na lotsawa, don haka ba wanda zai sayar da yankinsa. Ya ƙara da cewa shi bai taɓa barin ƙofa don an yi hayaniya ba. Uwar ɗakina ta duba rahoton cinikin kamfanin, ta ce ita ma haƙuri za ta ba mu. Sannu a hankali farashin ya farfaɗo, har aka yi rabon riba. Ba ta da yawa, silifas ya saya wa Inna da ita, amma ka rantse mota aka ba ta.

Sai ga saƙon gayyata zuwa taron shekara na masu hannun jari, a babban zauren kamfanin. Baba ya sa farar rigarsa, muka isa da sassafe kamar mai karɓar aiki. Sabon mai gadin ya duba sunansa, ya ƙame, ya ja babbar ƙofar nan ta baƙi, ya ce ransa ya daɗe, ya shigo. Ka san me Baba ya yi? Ya matsa gefe da sauri, ya harɗe hannuwa a baya, ya waiwaya don ya ga wane babban mutum ne ke tafe. Babu kowa a bayansa sai ni. Mai gadin ya sake cewa ai shi ake jira. Baba ya dubi ƙofar, ya dubi mutumin, ya gyara zaman hularsa, ya taka ya shiga ta tsakiya. Ni dai kuka na yi, ban ji kunyar kowa ba. A cikin zauren kuwa, da aka zo kaɗa ƙuri'a, hannunsa ya fi na kowa tsawo.

Na san kasuwa ce, gobe tana iya sake yin ja, kuma mun shirya mata. Amma jiya na karanta masa wasiƙarka yana cin abinci, har da neman ƙari. Ya ce in gode maka, Allah Ya yi maka albarka, sai dai ka yi haƙuri ba zai samu zuwa ba, yana da kamfanin da yake dubawa.

Ka gaishe mini da Anti da 'yan biyu da Gwaggo. Inna da Auta suna gaishe ku, Baba kuma ya ce a tambaye ku da wane sabulu kuke wanka.

Ƙanwarka da ba ta gajiya da surutu,
Uwar Magana