Abin da Hanyar Launceston Ta Ci

Talata, 2 ga Mayu

Giyar akori-kurata ta mutu yau a ƙofar kamfanin cuku, daidai na tashi aiki. Makaniki ya ce sai an sako kayan a jirgin ruwa daga Melbourne, kuma kada in tambaye shi yaushe. Komai a tsibirin nan na Tasmania sai jirgin ruwa! Baba yana kwance a asibitin Launceston, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ni ina Wynyard, tsakaninmu tafiya ce mai nisa. Motar da ta rage a gidan nan Beryl ce kawai.

Beryl, jar motar tserensa. Sunan surukarsa ya sa mata, wai ita ma ba ta iya magana a hankali ba. Tana da lamba, tana da izinin hawa titi, amma tayoyin ƙafarta na tsere ne. Roba mai laushi kamar cingam, zanen kuwa ɗan kaɗan, don dai ɗan sanda ya yi shiru. Ba a yi su don zuwa dubiya ba.

Laraba, 3 ga Mayu

Na je da ita. Kafin in shiga ɗakin ya riga ya juyo da fuska wajen ƙofa, ya ji ƙarar salansar motar tun daga wajen ajiye motoci.

Bakinsa ya karkace amma masifar tana nan yadda take. "Rae, tayata kike ƙonawa a miƙaƙƙen titi? Ke dai kunnen ƙashi gare ki."

Na ce, "Sannu Baba, ni ma na yi kewarka."

Sai ya kama hannuna da na hagunsa, ya yi maganar da na san tana zuwa. Tseren hawan Tudun Blackwood, ranar Lahadi huɗu ga Yuni. Na ƙarshe ke nan, an sayar da gonar da hanyar ta ratsa, sabon mai ita ba ya son hayaniya. Tun da kulob ɗinmu ya fara hawan tudun nan Beryl ba ta taɓa fashi ba. "Ki kai ta. Ko ta ƙarshe za ki zo, ki kai ta." Na ce to. Me zan ce? Likita ya riga ya ja ni gefe ya gaya min zuciyar ma ba ta da ƙarfi.

Juma'a, 5 ga Mayu

Ga inda matsalar take, bari in rubuta ko kaina zai daina juyawa. Ajin Beryl na motocin titi ne. Dokar kulob: mota ta zo da ƙafarta, a kan tayar da za ta yi tsere da ita, kuma zanen ya kai yadda doka ta yarda a hau titi. Idan ya suɗe, babu hawa. Mai duba motocin kuwa Kawu Col Febey ne, aminin Baba, mutumin da ya taɓa korar motar ɗan cikinsa saboda ƙusa ɗaya.

Na je wajen Wazza mai taya. Ya leƙa, ya yi fito. "Uwar ɗakina, wannan girman? Babanki ya sa birki kamar faranti, ba rim ɗin da ke shiga sai wannan. Duk tsibirin nan babu, na tsere ko na gida. In na yi oda yau sai tsakiyar Yuni." Na ce ya yi odar. Ya ce in rage gudu, in bar taka birki kamar ina kashe kyankyaso.

Ke nan taya huɗu gare ni, aiki biyu. Duk zuwa wurin Baba yana cin tseren Baba.

Lahadi, 7 ga Mayu

Na samo tsohon makullin da Baba ya yi wa tsaga yana awon zane da shi. In ka zura shi a ramin zanen, tsagar ta ɓuya, to da saura. Na durƙusa na gwada ta gefen waje duka huɗun. Ta ɓuya, da ɗan rara.

Laraba, 10 ga Mayu

Na je. Ruwa tun daga garin Burnie. Tayoyin nan in sun yi sanyi kamar sabulu suke, a wata kwana bayan motar ya ɗan zame. Ga walabi, 'yan dabbobin dajin nan masu tsalle, matattu birjik a gefen hanya.

Na kai masa burodin nama irin wanda yake so, nas ta ƙwace, wai haɗiya tana ba shi wahala. Ya ce mata, "Ke, in na mutu da yunwa ke za ki yi wa Beryl bayani." Ta yi dariya. Ni na kasa. Ya rame, agogonsa yana yawo a hannunsa.

Asabar, 13 ga Mayu

Na je. Na dawo. Na auna. Ya ragu.

Litinin, 15 ga Mayu

Na duba bas. Lokacin da take tashi ina bakin injin cuku, lokacin da take dawowa an rufe dubiya. Hutuna ya ƙare tun makon da Baba ya faɗi.

Akwai Kawu Col, na sani. Akori-kura biyu gare shi. Amma in je in ce wa mai duba motoci tayata na ƙarewa? Kuma mu 'yan gidan Pybus ba ma roƙo, haka Baba ya tashe ni. Ko igiyar jan mota ba ya ara, gara ya tura da kafaɗa. To ga shi nan, na gaje shi tsaf, banza da ni.

Alhamis, 18 ga Mayu

Yau tsagar makullin ta fara leƙowa a tayar gaba ta hagu. Kaɗan ne, amma na gani. Na zauna a ƙasan gareji ina kallonta kamar za ta tausaya min ta tsiro.

Na je jiya, Baba ya yi ta barci, da ya farka abin da ya fara tambaya shi ne, "Kin sa iska daidai?" Daga nan sai labarin tudun: inda ake sakin mai, inda kwalta ta kumbura kusa da ƙofar shanu, kwanar ƙarshe da ke yaudarar mutum. Idonsa ya yi haske, rabon da in ga haka tun kafin ciwon. Tseren nan ne ke riƙe da shi, na tabbata.

To na yanke. Ba zan ƙara zuwa ba sai bayan tsere. Zan riƙa kira. In kawo masa lambar da ake manna wa mota a ranar, in ce Baba ga shi, Beryl ta hau. Wannan ya fi masa ganin fuskata.

Asabar, 20 ga Mayu

Na kira. Nas ta kara masa waya a kunne. Na ce ina tattalin taya ne. Can ya ce, "Daidai ne. Hankali ya zo." Shi ke nan.

Na ɗora Beryl a kan katako don kada tayoyin su kwanta a siminti mai sanyi, na lulluɓe su da tsofaffin barguna. Mota tana cikin bargo, ubana yana can shi kaɗai. Aiki kuwa da keke nake zuwa, cikin ruwa.

Talata, 23 ga Mayu

Maganarsa a waya ba ta fita sosai. Ina ta "Na'am? Me ka ce?" har ya gaji ya ture wayar.

Alhamis, 25 ga Mayu

Ina ƙin wannan motar. Ina ƙin tudun, da kulob, da tsiren da suke gasawa suna ba da labarin da kowa ya haddace. Na auna yau ma, alhali ko motsi ba ta yi ba. Me nake nema?

Lahadi, 28 ga Mayu

Nas ɗin ce ta kira da kanta. Ta ce ba wani abu ba ne na gaggawa, amma ya rage cin abinci. Sai ta ce, "Ban sani ba ko ya dace in faɗa. Kullum da rana sai ya sa an tura kujerarsa bakin taga, a buɗe masa ita duk sanyin nan. Duk motar da ta shigo da ƙara sai ya ɗaga kai, sai ya ce ba ita ba ce."

Na ce na gode. Na ajiye waya na yi kuka a tsaye a kicin, irin kukan da ke sa haƙarƙari ciwo. Na ɗauki makullin Beryl har na kai ƙofar gareji. Na dawo. Saura mako ɗaya, Rae. In kika je yanzu, kwanakin da kika bar shi sun tashi a banza. Ya Allah ka riƙe min shi mako ɗaya.

Laraba, 31 ga Mayu

Bai karɓi waya ba. Wai yana barci.

Asabar, 3 ga Yuni

Wannan kam dole sai na rubuta.

Kawu Col ya biyo da hantsi, wai ya kawo min lambar tsere don kada in sha layi gobe. Ya ga Beryl cikin barguna ya ce, "Au, haihuwa ta yi?" Na miƙa masa makullin awo da ɗan alfahari, na ce ya gwada. Ya gwada gefen waje, ya gyaɗa kai. Sai ya zura hannu ta taga ya murza sitiyari har ƙarshe, ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo, ya tura tafin hannu can ciki, bayan tayar, inda ido ba ya kaiwa. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Zo ki taɓa, 'yata."

Sumul. Kamar bayan cokali. A ta hagu har zare ya fara leƙowa.

Ya ce Baba ya karkatar da ƙafafun gaba ne da gangan, saman tayar ya kwanto ciki, don ta zauna daram a kwana. A tudu haka ake so. Amma a miƙaƙƙen titi motar a kan gefen ciki kaɗai take tafiya, shi ke cin wuta, na waje yana hutawa. Na san wannan! Tun ina 'yar makaranta nake riƙe masa zare yana saita ƙafafun nan. Amma kullum a tudu muke auna taya, kuma a tudu gefen waje ke cinyewa, hannuna can ya saba zuwa.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Ba yau ba. Ina jin tun kafin ki jingine ta."

Ke nan tayar da na bar ubana dominta ta riga ta mutu. Gawa na lulluɓe da bargo.

Na roƙe shi. Ni, Raelene Pybus, na riƙe hannun rigarsa na ce Kawu ka kau da kai sau ɗaya, hawa ɗaya tak, a hankali zan tafi. Idonsa ya kawo ruwa amma ya ce, "In ta fashe a kwanar ƙarshe, ni zan je in gaya wa babanki Lindsay na kashe masa 'ya? A'a." Da ya ji ban je asibiti ba tun tsakiyar watan jiya sai ya fashe da faɗa. "Mota biyu a ƙofata suna tsatsa! Bakinki ciwo yake? Ku dai gidan nan taurin kai zai kashe ku, uba da 'ya."

Ban san me zan gaya wa Baba ba. Ba tsere, ba ni. Duka biyun na zubar.

Lahadi, 4 ga Yuni

Ban je tudu ba. Da sassafe na buga ƙofar Kawu Col na ce ina son aron akori-kura da 'yar tirelar ɗaukar mota. Ya miƙo makulli, matarsa ta cusa min burodi a aljihu.

Na ja Beryl har Launceston. Na tsaya ƙarƙashin tagar Baba, na hau tirelar, na tayar da ita, na taka mai sau uku. Mai gadi ya taho da gudu. Taga a buɗe take. Na ga farin kansa ya ɗago.

Nas ta gangaro da shi a kujera, an naɗe shi da bargo. Ya ƙara ramewa, ba zan rubuta yadda ya koma ba. Na fara bayani, bai saurare ni ba. Ya sa aka matso da shi jikin tirelar, ya miƙa hannun hagu, kai tsaye can ciki, bayan tayar. Ko kallon gefen waje bai yi ba. Da yatsunsa suka taɓa zaren sai ya runtse ido.

"Ban zaci ta kai haka ba," in ji shi. "A kan wannan kika riƙa zuwa cikin ruwa?"

Na ce, "Ka sani ke nan."

"Ni na saita ta, sakarai. Tun zuwanki na farko na san ba za ta kai tudu ba."

"Me ya hana ka faɗa, Baba?"

Ya daɗe yana kokawa da bakinsa. "In na faɗa, ajiye ta za ki yi." Ya goge haɓarsa. "Kuma kika ajiye ta duk da haka."

Ban tambaye shi me ya hana ya ce in dawo ba. Na san amsar, irin tawa ce. Muka zauna a nan cikin sanyi, hannunsa a kan tayar, nawa a kan nasa, har nas ta ce ya isa. Bai tambayi wa ya ci tseren ba. Ni ma ban sani ba.

Akori-kurar Kawu Col ba ta da ƙara, shiru take shigowa kamar mara gaskiya. Na gaya wa Baba gobe zan danna hon sau uku, kada ya sa a buɗe masa taga a banza. Ya ce hon ɗin Col kamar kukan agwagwa yake. Na ce haka zai haƙura.

Ban mayar da makullin akori-kurar ba tukuna. Na kira Kawu na ce ina so in riƙe ta zuwa wani lokaci. Ba wuya ashe, kalma kaɗan ce.