Zayyanar da Tanimu Ya Shanye

Ketare, ƙasar Ƙanƙara
Janairu, 1956

Zuwa ga aminina Tanimu, babban manomin Sabuwa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiyar kaka? Yaya Kyauta da yara? Mu nan sai godiyar Allah.

Ga katin bana na ba Gide mai goro ya kawo maka, na goma sha takwas ke nan tun rabuwarmu a Tafoki. Kwalin sabulu na yanka, kada ka ce na yi maka rowa, na sukari ne ya yi wuya. Za ka ga jar tawada ta ɗan zarce layi a gefe. Idona ne ya fara yi mani gardama, ko da yake har gobe ya fi naka, kai da na koya wa ajami a ƙasa da tsinke kana gumi.

Wata alfarma nake nema. Ɗiyata Suwaibatu za ta sauke Alƙur'ani kafin azumi, ina so in ƙawata allonta da zayyanar da marigayi Baba ya yi wa nawa, mai ƙulli huɗun nan. Allona gara ta cinye shi tuni. Sau bakwai ina zama in zana, da na kai ƙulli na uku sai hannuna ya ɓace hanya. Wuri ɗaya zayyanar ta rage a duniya, a kan katin farko da na aiko maka. Ka ba Gide shi aro, zan mayar maka.

Ka huta lafiya.
Naka, Almu

Sabuwa
Janairu, 1956

Malam Almu,

Ina gaisuwa. Kati ya iso, ya yi kyau. Auduga ta yi bana, dawa ce dai tsuntsu ya taɓa. Na ɗan yi masassara da damina amma na warke sarai. Akuyar nan mai taurin kai ta haifi biyu. Kyauta tana gaishe ka. Allah ya sa Suwaibatu ta sauka lafiya.

Gide yana sauri, shi ya sa na taƙaita.
Tanimu

Ketare
Fabrairu, 1956

Tanimu,

Bayan gaisuwa. Na tambaye ka kati, ka ba ni labarin akuya. Sau biyu kuma Gide yana dawowa hannu rabbana, ya ce da ka hango shi sai ka zagaya bayan rumbu.

Idan yar da shi ka yi, faɗa mani, ai kwali ne. Idan kuwa wani abu na yi maka, shi ma faɗa mani, don wannan ya fi ƙarfin kwali. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Tun muna yara ba ka taɓa guje mani ba, sai yanzu da furfura. Saura kwana ashirin a yi sauka.

Duk da haka ina gaida gida.
Almu

Sabuwa
Maris, 1956

Zuwa ga Malam,

Na durƙusa ina gaisuwa. Ni ce Kyauta, matar amininka. Malam Nata'ala na bakin kasuwa nake faɗa wa yana rubutawa, maigidan bai sani ba.

Malam, laifin nawa ne. Masassarar nan da ya ce maka "ɗan", kwana tara ta kwantar da shi bai san wanda ke kansa ba. Mun yi duk irin namu na iyaye da kakanni, ba ta sake shi ba. Ni kuwa na sha ganin maƙwabtanmu Musulmi suna wanke rubutun allo su ba mara lafiya ya sha. Na ce to, ga rubutun malami cike da tukunya a ɗakinmu, malamin da ya fi kowa son shi, me nake jira? Na kwaso katunan nan sha bakwai, na wanke su a ƙwarya, na ɗura mashi. Ruwan har shuɗi-shuɗi ya yi. Kashegari ya buɗe ido ya ce a dama mashi kunu.

Da ya miƙe ya ga kwalayen sun koɗe suna shanya a kan zana, sai ya kwashe su ya shige ɗaki da su. Tun da wasiƙarka ta zo kuwa, kullum da hantsi sai ya zauna gindin rumbu da gawayi da kwali, yana zana zayyanar nan yana yagawa. Ya ce shekara da shekaru yana kallon abin, yana nan cikin kansa, amma hannun fartanya gare shi, kunya ba za ta bar shi ya aiko maka ba. Na sace guda kafin ya yaga, ga shi nan na naɗe a ƙyalle.

Ka yafe mani, Malam. In fushi za ka yi, da ni za ka yi, shi ko barci ba ya iyawa.

Na bar ka lafiya.
Kyauta

Ketare
Maris, 1956

Zuwa ga Tanimu, mashayin tawada,

Gaisuwa da jaje, ko da ya zo a makare. Na yi dariya har Suwaibatu ta leƙo ta ga ko lafiya. Daga nan hawaye suka biyo, don ka kusa tafiya ka rubuta mani kamar mura ka yi.

Ka gaya wa Kyauta babu aya ko ɗaya a katunan nan. Labarin jakina ka sha, da na ɗakina mai yoyo. Sai dai ban taɓa ɗora alƙalami a kan ko ɗaya ba sai da na roƙa maka lafiya, don haka ba ta yi nisa da gaskiya ba. Babu abin yafewa, godiya ce ma tsakanina da ita.

Zanenka kuwa, sai ka ce kaza ta bi ta kan toka. Amma a ƙulli na uku layinka ta ƙarƙashi ya bi, ni kuwa duk zaman nan ta sama nake bi. Nan ne nake ɓacewa. Jiya na gama allon, zayyanar Baba ce sak.

Sauka ranar Laraba ta sama. Ku zo, kai da ita. Katinka kuma ba zan mayar ba.

Naka har kullum,
Almu

Sabuwa
Maris, 1956

Malam Almu,

Ina gaisuwa. Muna tafe, da ɗaya daga 'ya'yan akuyar nan, na Suwaibatu ne. Wanda Kyauta ta sace ba shi ne mai kyan ba, ina zuwa maka da wani.

Katinka na bana na rataye shi can sama, inda hannunta ba ya kaiwa. Amma in na sake kwantawa, ni da kaina zan ce ta sauko da shi.

Sai mun iso.
Tanimu