Wanda Yake Juya Min Waya

Daren Talata, Soron Ɗinki

Sati uku ina zagin kaina da daƙiƙanci, ashe da mai ɓarnar nake kwana.

Kiɗan kamun 'yata Hafsa nake haɗawa, saura kwana huɗu. Na jona kibod da kwamfuta ta wayar MIDI, na ware wa kalangu layinsa, garaya nata, sarewa nata. Ranar farko duk suka ɗauku, har na yi guɗa. Washegari na danna, kwamfuta ko gezau. Sai na zare komai na mayar kafin kiɗan ya tashi, gobe kuma ya sake mutuwa. Malam, maigidana, yana gefe yana cewa, "Haƙuri, Hajiya, abin na yaran zamani ne."

Jiya na ɗiga jan farce a kan wayar da ke ramin OUT na kibod, don shaida. Yau na dawo daga koyarwa na tarar da ita a ramin IN.

Na ce, "Malam, aljanun gidan nan har Turanci suke karantawa?"

Ya sunkuyar da kai. "Yayana ne ya ce gidan malamai ba a kiɗa. Ban so in ɓata miki rai ba."

"Sai ka gwammace in ɗauka ƙwaƙwalwata ce ta ruɓe?"

Da baki da baki ya hana ni, da mun yi faɗa mun shirya. Na kwashe kayan na kai gidan Inna mahaifiyata a Ƙofar Na'isa, can zan ƙarasa, Yayan nasa ya toshe kunnensa. Abin da ya hana ni barci shi ne, a shekara ashirin da huɗun nan da muka yi da aure, me kuma ya taɓa juya min?